Baƙi, Ja da Rawaya: Launi a Hidimar Rubutun Kimiyya

A cikin kalmomin da Bahaushe ya gada daga makarantar allo, kaɗan ne suka kai kalmar baƙi ɗaukar kaya, domin ita ce sunan launin gawayi da na daren da babu wata, kuma ita ce sunan harafin da ake rubutawa, har ya zamana idan aka ce yaro ya fara gane baƙi, babu wanda zai zaci ana maganar sanin launuka. Matakin farko na karatun allo sunansa babbaƙu, wato koyon haruffa tsurarsu ba tare da wasali ba, sannan a wuce zuwa farfaru, inda ake ɗora wa kowane harafi motsinsa, ko wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a, har harafin da yake shiru ya sami murya. Masu nazarin Hausa a boko sun karɓi wannan gado ba tare da gardama ba, suka raba sautukan harshe zuwa baƙaƙe da wasula, saboda haka ko a fuskar kwamfutar da take nuna fararen haruffa a kan duhu, sunan waɗannan haruffa yana nan baƙaƙe. Kalmar ta adana wata tsohuwar fahimta, cewa asalin rubutu tawada ce ta gawayi da ƙaro, kuma duk wani launi da ya biyo baya ya zo ne domin ya yi wa baƙin hidima, ya nuna wa mai karatu yadda zai furta shi, da inda zai tsaya, da abin da ya kamata ya fara kai idonsa a kai.

Harshen Hausa bai taɓa ɗaukar launi a matsayin ado kawai ba, yana amfani da shi wajen yanke hukunci da rarrabe abubuwa. Launuka uku ne suka fi zurfin saiwa a cikinsa, fari da baƙi da ja, kuma da su ake auna zuciya da hali da rabo: akwai farin ciki da baƙin ciki, akwai farin jini da baƙin jini, akwai baƙar magana da baƙar wahala, akwai jan aiki da jan hali, kuma makaɗan maza da masu kirari sun daɗe suna kiran jarumi jan gwarzo ko jan zaki ba tare da sun dubi fatarsa ba. Kowane ɗaya yana da kalmar da take ƙarfafa shi, ana cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, har ma kore shar, yayin da launuka da dama sai an jingina su da wani abu sananne kafin su sami suna, kamar ruwan toka da ruwan ɗorawa da ruwan goro da ruwan ƙasa. Abin lura shi ne cewa baƙin da maganar yau da kullum ta ɗora wa baƙin ciki da baƙin jini, shi ne a fagen ilimi ya zama ginshiƙi, wanda mutum ba ya shiga sahun masu karatu sai ya san shi. Mai sauraron da ya ji an ce jan aiki ba ya tsayawa tunanin launi, nan take yake gane nau'in aikin da ake nufi, kuma wannan saurin ganewa kafin a tsaya tunani shi ne duk abin da ake nema idan aka sa launi a rubutu.

Marubutan hannu sun san wannan tun ƙarnonin farko na Musulunci. Ruwayoyi suna jingina wa Abul Aswad al-Du'ali fara sanya ɗige-ɗige da tawada mai wani launi dabam domin nuna wasula a mus'hafi, kuma malamin Andalus Abu Amr al-Dani, wanda ya rasu a shekarar 1053, ya bayyana a littafinsa al-Muhkam yadda mutanen Madina suke amfani da ja wajen wasula, rawaya kuma wajen hamza. Wannan al'ada ta bi ƙira'ar Warshu ta ratsa Magrib ta iso Borno da ƙasar Hausa, inda alarammomi suke rubuta jikin haruffa da baƙar tawada, su dawo su bi da ja su sa wasula, su ɗiga rawaya a gurbin hamza. A littattafan fiƙihu da nahawu na rubutun hannu, masu kwafi sukan rubuta matani da ja, sharhinsa kuma da baƙi, domin ɗalibi ya bambanta maganar mai littafi da ta mai sharhi ko da sun gauraya a layi ɗaya. Marubutan Misira ta dā da na Turai kafin zuwan injin ɗab'i su ma sun yi amfani da ja wajen kanun magana. Ƙa'idar da ta haɗa su duka ita ce launi ba ya ƙara harafi kuma ba ya rage harafi, aikinsa shi ne ya sanar da ajin kowace alama. Injin ɗab'i ne ya rage wannan al'ada, domin kowane ƙarin launi yana nufin a sake bi da takarda ta cikin inji, sai tsada ta mayar da yawancin littattafai baƙi a kan fari, tafireta da kwamfutocin farko masu launi ɗaya suka ɗora daga nan.

Launi ya dawo cikin rubutu ta wata ƙofa da ba a zata ba, wato ta manhajar gyaran rubutu, wadda masu harkar kwamfuta suke kira edita: manhajar da take buɗe fayil ta nuna haruffansa kamar yadda aka ajiye su, ba tare da kwalliyar shafi ba. A shekarar 1985 Mike Cowlishaw na kamfanin IBM ya rubuta editar LEXX domin aikin mayar da babban ƙamus na Oxford cikin kwamfuta, kuma tana cikin editocin farko da suka nuna sassan rubutu da launuka dabam-dabam gwargwadon aikin kowane sashe. Editar Vim, wadda Bram Moolenaar ya fara fitarwa a 1991, ta sami wannan dama a fitowarta ta biyar a 1998, kuma a yau da wuya a sami editar da ba ta yi. Za a iya kiran wannan aiki rinin nahawu, wato rina kowane yanki na rubutu bisa matsayinsa a ƙa'idar harshen da aka rubuta shi, ta yadda umarni zai fito da launinsa, lamba da nata, bayanin gefe da nasa. Bambancinsa da jan tawadar alaramma shi ne cewa launin ba ya cikin fayil ɗin ko kaɗan, edita ce take karanta haruffan a duk lokacin da aka buɗe, ta yanke hukunci a kan ajin kowanne, ta shafa launin a fuskar kwamfuta kawai. Abin da mai karatu yake gani fahimtar edita ce game da rubutun, kuma fahimta tana iya zama daidai, tana iya zama kuskure.

Harsunan da ake rubuta manhaja da su sun daɗe da samun wannan gata, domin masu rubuta editoci da su suke aiki kullum. Fayilolin bayanan kimiyya kuwa sau da yawa sukan buɗe baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, sai wani daga cikin masu amfani da su ya zauna ya koya wa edita ƙa'idarsu. Misali mai kyau shi ne tsarin CIF na masana kiristal, wato masu binciken yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin daskararren abu kamar gishiri ko sukari ko furotin. Wannan ilimi ya faro ne a 1912, lokacin da Max von Laue da abokan aikinsa suka nuna cewa kiristal yana warwatsa hasken eksre, sannan William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka mayar da wannan warwatsuwa hanyar gano mazaunin kowace zarra, gishirin girki yana cikin abubuwan farko da aka warware a 1913. Da wannan hanya Dorothy Hodgkin ta gano siffar fenisilin da bitamin B12, ta karɓi lambar Nobel a 1964, daga baya kuma ta warware siffar insulin a 1969. Da sakamakon ya yi yawa, kowane ɗakin bincike yana ajiye nasa yadda ya ga dama, Ƙungiyar Masana Kiristal ta Duniya ta nemi harshe ɗaya, kuma a 1991 Sydney Hall da Frank Allen da David Brown suka wallafa ƙa'idar CIF a mujallar Acta Crystallographica. Sun zaɓi ya zama rubutu tsura wanda inji zai iya tantancewa kuma mutum zai iya karantawa da idonsa, kuma wannan sharaɗi na biyu shi ne ya buɗe wa launi ƙofa.

Wanda ya buɗe irin wannan fayil zai tarar da nahawu ɗan ƙarami mai tsauri. Kowane babi yana farawa da kalmar data_ haɗe da sunan da aka ba shi, sannan bayanai su biyo bibbiyu, suna da ƙima, inda kowane suna yake farawa da ɗan layin da ake ja a ƙasan rubutu, kamar _cell_length_a, wanda yake nufin tsawon gefe na farko na ƙaramin ɗakin da yake maimaita kansa a cikin kiristal. A gishirin girki wannan tsawo ya kai kimanin angistiram 5.64, angistiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan 10 na mita. Masana ba sa rubuta irin wannan lamba ita kaɗai, sukan biyo ta da wata a cikin baka biyu, a rubuta misali 5.640(2), ma'ana akwai shakkar kimanin 2 a gurbin ƙarshe na awon, don haka editar da ta rina lambar ta bar abin da ke cikin bakan ta raba awo da shakkarsa, alhali a wurin mai bincike abu ɗaya ne. Idan bayanai jeri ne, kamar sunayen zarra da mazauninsu, sai a rubuta loop_, a jero sunayen ginshiƙai, sannan a zubo ƙimomi layi bayan layi, wani lokaci har dubbai. Abin da ya biyo bayan alamar # a kan layi bayanin gefe ne da inji ba ya karantawa, dogon rubutu mai layuka da yawa kuma ana killace shi tsakanin waƙafi mai ruwa guda biyu, kowanne a farkon layinsa.

Koya wa edita wannan nahawu aiki ne mai hawa biyu, kuma hikimarsa tana cikin raba su. A hawa na farko ana rubuta ƙa'idojin kamanni, wato taƙaitattun jimlolin alamomi da suke bayyana siffar abin da ake nema, kamar a ce duk kalmar da ta fara da layin ƙasa bayan fili, ko duk jerin lambobi mai ɗigo a tsakiya wanda baka biyu za su iya biyo shi. Asalin wannan dabara yana komawa ga masanin lissafi Stephen Kleene a shekarun 1950, kuma Ken Thompson ne ya shigar da ita cikin editoci a ƙarshen shekarun 1960. A Vim ana amfani da umarnin syntax match ga abin da yake gutsure ɗaya, syntax region kuma ga abin da yake da mabuɗi da marufi, yayin da Sublime Text da Visual Studio Code suka gaji salon editar TextMate, inda ake liƙa wa kowane yanki sunan aji. A hawa na biyu ne ake haɗa aji da launi, kuma mai rubuta ƙa'ida ba ya cewa wannan ja ne wancan shuɗi ne, abin da yake cewa shi ne wannan suna ne, wannan lamba ce, wannan bayanin gefe ne, sai mai karatu ya zaɓi jerin launukan da suka dace da idonsa da hasken ɗakinsa. Aikinsa ya fi kusa da na malamin nahawu mai yin li'irabi, wanda yake bin jimla kalma bayan kalma yana faɗin matsayin kowacce, fiye da na mai zayyana.

Wahalar aikin tana ɓoye a wuraren da siffa take yaudara, inda karin maganar nan ta kama da wane ba ta wane take da cikakken gurbi. A yawancin harsunan kwamfuta ɗan waƙafin sama, irin wanda Hausar boko take sawa a tsakiyar sa'a da jama'a, yana buɗe zance ne, na biyunsa kuma ya rufe shi. A ƙa'idar CIF ta 1.1 wannan alama ba ta buɗe zance sai ta zo a farkon kalma, kuma ba ta rufe shi sai fili ya biyo bayanta, domin masana sinadarai suna amfani da ita a cikin sunayen zarra, kamar O5' da C3' a sukarin da ke jikin DNA. Wanda ya aro ƙa'idar wani harshe ya ɗora a nan zai ga editarsa ta ɗauki alamar da ke ƙarshen O5' a matsayin mabuɗin zance, sai launin zance ya malale kan lambobin da suka biyo baya, kamar zane mai zuba da aka jiƙa tare da fararen kaya. Haka waƙafi mai ruwa yake: a farkon layi ƙofa ce, a tsakiyar layi kuwa harafi ne kamar kowane harafi, alamar # ma idan ta faɗo a cikin zance ko a tsakiyar kalma ba ta buɗe bayanin gefe. Sai dai wannan malala, idan ƙa'idar daidai take, ita ce babbar fa'idar rinin, domin marubucin da ya manta rufe dogon rubutu da waƙafinsa na biyu zai ga rabin fayil ya rine da launi ɗaya, ya gane inda ɓarakar take tun kafin ya aika wa mujalla.

Akwai alamomi biyu a CIF da suka fi kowace ƙanƙanta, kuma su ne suka fi cancantar a ba su launin kansu. Alamar tambaya idan ta tsaya ita kaɗai a gurbin ƙima tana nufin abin yana da ƙima amma ba a san ta ba, ɗigo kuwa idan ya tsaya shi kaɗai yana nufin tambayar ba ta shafi wannan wuri ba, ko kuma a bar shi a kan abin da aka saba. Tsakanin ba a sani ba da bai shafa ba akwai tazara mai faɗi a ilimi, domin na farko giɓi ne da wani zai iya cikewa gobe, na biyu kuwa hukunci ne da aka riga aka yanke. Manhajojin da suke warware siffar kiristal sukan fitar da fayil da alamomin tambaya a wuraren da inji ba zai iya sani ba, kamar launin kiristal ɗin da girmansa da yadda aka samo shi, su bar wa mai bincike ya cike da hannunsa. A cikin dubban baƙaƙe masu launi ɗaya, alamar tambaya guda tana ɓacewa, amma idan aka rina ta da launi mai kiran ido, sai fayil ya nuna wa mai shi iyakar abin da ya sani ba tare da ya nema ba. Mai rubuta ƙa'idar da ya lura da wannan bambanci ya nuna cewa ya fahimci abin da masu fayil ɗin suke ƙoƙarin faɗa, ya wuce sanin siffar haruffansu kawai.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma rabin farko na wannan magana yana da nauyi daidai da rabi na biyu. Ƙa'idar kamanni ba ta iya ƙirga abin da ya wuce ta riƙe shi, don haka ba za ta san cewa jerin da aka buɗe da ginshiƙai bakwai ya zo da layi mai ƙima shida ba, kuskuren da yake ture duk lambobin da suka biyo baya zuwa gidan da ba nasu ba. Ƙa'idojin salon TextMate layi ɗaya suke dubawa a lokaci guda, Vim kuma idan aka tsallaka tsakiyar babban fayil sai ta koma baya wasu layuka ta ƙiyasta ko tana cikin dogon rubutu ko tana wajensa, kuma a bisa tsarinta na asali takan daina rina layi bayan gurbi na 3,000 domin kada ta yi nauyi. Sababbin kayan aiki irin su Tree-sitter, wanda Max Brunsfeld ya ƙirƙira, suna gina cikakkiyar bishiyar nahawun fayil suna gyara ta yayin da ake rubutu, amma ko su ba za su iya cewa awon da aka rubuta gaskiya ne ba. Lambar da aka yi kuskuren bugawa tana samun launi ɗaya da lambar da take daidai. Saboda haka ƙungiyar masana kiristal ta tanadi checkCIF, manhajar da take gwada fayil da ƙamusun sunaye da kuma ƙa'idojin ilimin kansa, ta fitar da gargaɗi hawa-hawa. Haɗarin launi shi ne fayil mai kyan gani yana sanya nutsuwa a zuciya, kuma nutsuwar da ba ta da hujja ta fi shakka illa ga mai bincike.

A wani tsarin kuma ma'ana tana rataye ne da gurbin harafi a kan layi. Taskar siffofin furotin ta PDB, wadda aka kafa a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka a 1971 da siffofi bakwai, ta gaji faɗin katin huji na kwamfutocin dā, wato gurabe 80 a kowane layi, inda lambar zarra take zaune daga gurbi na 7 zuwa na 11, awon farko na mazauninta kuma daga na 31 zuwa na 38. A nan fili ɗaya da ya ƙaru yana canza ma'ana, lambobi biyu kuma suna iya mannewa ba tare da rata ba, saboda haka rinin da ya dace shi ne wanda yake bin gurabe, ya ba kowane ginshiƙi launinsa, har karkacewar layi ɗaya ta fito fili. Gurabe biyar ba sa ɗaukar abin da ya wuce zarra 99,999, kuma manyan siffofi irin na ribosom, injin da yake haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, sun fi ƙarfin wannan iyaka, shi ya sa a 2014 taskar ta mayar da mmCIF, reshen CIF na manyan ƙwayoyin halitta, ya zama tsarinta na asali. Taskar ta haura siffofi 200,000 a 2023, taskar Kambirij kuma, wadda Olga Kennard ta faro a 1965 domin ƙananan sinadarai, ta haura miliyan ɗaya a 2019, kuma kowane ɗaya daga cikinsu fayil ne da wani zai iya buƙatar buɗewa ya duba da idonsa ranar da manhaja ta ƙi karɓarsa.

Zaɓen launukan ma yana da ladabinsa, domin masana kimiyya sun zo da nasu al'adun tun kafin editoci. Daga ƙirar da Robert Corey da Linus Pauling suka yi a farkon shekarun 1950, wadda Walter Koltun ya inganta, masana sinadarai sun saba ganin kabon baƙi, oksijin ja, naitirojin shuɗi, haidirojin fari, farar wuta kuma rawaya. Masu karanta jerin DNA daga injinan hanyar Sanger sun saba da A kore, C shuɗi, G baƙi, T ja, kuma aikin bioSyntax, wanda aka wallafa a 2018, ya kawo wa editoci irin su Vim da Sublime Text rinin fayilolin ilimin halittu, inda kowane harafin jeri yake samun launinsa har bambanci tsakanin jeri biyu ya bayyana daga nesa. Mai rini yana kuma da haƙƙin tunawa da waɗanda idonsu ba ya rarrabe ja da kore, waɗanda suka kai kimanin namiji ɗaya cikin 12 a mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, don haka gargaɗi mai muhimmanci yana buƙatar kaurin harafi ko layi a ƙasa tare da launinsa. Yawan launi kuma yana kashe amfanin launi, domin idan kowace kalma tana kiran ido, ido ba shi da inda zai fara. Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu koyon rubuta manhaja ba su haɗu a kan cewa rini yana ƙara fahimta ba, wani ya sami ƙarin sauri, wani bai sami bambanci ba, kuma wannan ya isa ya sa a tsayar da da'awar a inda take da ƙarfi: launi yana taimakon mai neman wuri a cikin dogon rubutu, yana kuma tona kuskuren siffa da wuri.

Sau da yawa ƙa'idojin rinin fayilolin kimiyya ba kamfani ne yake rubuta su ba, ɗalibin digiri ne ko mai bincike da idonsa ya gaji, ya karanta ƙa'idar tsarin daga tushe, ya rubuta layuka kaɗan, ya gwada su a kan fayiloli mafi muni da zai iya samu, sannan ya saki aikin kyauta ga duk mai so, kuma in ka ga wani a inuwa, wani ne ya sha rana. Aikin ba ya ƙarewa da sakinsa, domin nahawun da kansa yana motsi. Ƙa'idar CIF 2.0, wadda aka wallafa a 2016, ta kawo jeri a cikin baka mai kusurwa da zance mai alama uku-uku, ta canza hukuncin waƙafin sama ta yadda na farkon da ya dace shi ne yake rufe zance, kuma ta buɗe ƙofa ga haruffan Unicode, abin da ya sa sunan mai bincike da ke ɗauke da ƙ ko ɗ ko ɓ zai iya shiga fayil da lanƙwasarsa. Fayil na sabon tsari yana sanar da kansa a layinsa na farko, saboda haka editar kirki dole ta karanta wannan layi kafin ta zaɓi hukuncin da za ta bi, tunda tsofaffin fayiloli suna nan a taskoki kuma za a ci gaba da buɗe su. Wanda ya ɗauki nauyin rina rubutun kimiyya ya ɗauki amanar bin waɗannan sauye-sauye, domin ƙa'idar da aka bari ta tsufa za ta ci gaba da shafa launi da cikakken tabbaci a kan hukuncin da aka riga aka soke, kuma masu karatu za su yarda da ita saboda sun saba ganin tana faɗin gaskiya.